Ba fim kaɗai ke sa yaranmu koyon harshen Koriya ba

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in tanka wa abokaina na majalisa, waɗanda suka yanke hukuncin cewa fina-finai ne suka juya wa ɗaliban jami'a kai har suke koyon harshen Koriya.

Ni ma da haka na ɗauka. A hutun da ya wuce na tarar da 'yata, wadda ke aji uku a Jami'ar Jihar Gombe, ta cika littafi da da'irori da 'yan sanduna. Wallahi na zaci hatimi ne, har gabana ya faɗi. Ta yi dariya ta ce, "Baba, Hangul ne, rubutun Koriya." Ashe Sarki Sejong ne ya samar da shi a 1443 don talaka ma ya iya karatu. Haruffa 24 ne, cikin mako guda ta haddace su.

Ba ta musa ba, fim ne ya fara jan ta. Ita da abokan karatunta su goma sha ɗaya suka soma koyon harshen a waya. Masu zuwa don kyan 'yan wasa, da suka ci karo da nahawun da aikatau ke zuwa a ƙarshen jimla, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Uku suka rage, kuma idonsu na kan tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wato GKS: kuɗin makaranta, tikitin jirgi, alawus na wata, da shekara guda ta koyon harshe. Jarrabawar TOPIK, wadda ake gwada iya harshen Koriya da ita, mataki shida ce, sai an kai na uku ake shiga digiri. Yarinyar da ke lissafin nan ba shiririta take yi ba.

Abin da ya kashe min baki shi ne ladabinsu. Ƙarshen kalma kan sauya in da babba ake magana, kuma da hannu biyu ake miƙa masa abu. Ta ce, "Baba, ai kamar 'ku' ɗinmu ne da durƙuso."

Cibiyar Al'adun Koriya tana Abuja tun 2010, amma Abuja ta yi wa ɗan Gombe nisa. Ina roƙon jami'o'in yankinmu su nemi haɗin gwiwa da ita a buɗe aji ko na Asabar ne. Yanzu dai waya ce malamarsu, kuɗin data kuma daga aljihuna yake fita.

Wani mahaifi,
Jekadafari, Gombe.