Wasiƙa Daga Tudun Wada Kan Sugan Hajiya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kaduna hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari.

Saƙonka ya iso, na ji an gano suga a jikin Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Hulba da garin zogalen da ka ce in aiko na riga na sayo a Kasuwar Barci. Amma batun ta ajiye ƙwayar asibiti ta koma kan ganye kaɗai, ka yi haƙuri, ban goyi baya ba.

Ka san Baba ya daɗe da wannan ciwo. Bara wani mai magani ya ba shi jiƙo a jarka, ba suna ba ma'auni, ya ce garafuni ne da shuwaka. Baba ya riƙa sha safe da yamma a kan ƙwayarsa ta glibenclamide, bai gaya wa kowa ba. Wata asuba na tarar da shi a kan buzu, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf cikin sanyin nan, hannu na karkarwa, carbi ya zame ƙasa. Na soki yatsarsa, na'urar awon suga ta nuna 52, alhali duk abin da ya gaza 70 haɗari ne. Ƙanwata ce ta dama sukari a ruwa muka riƙa ba shi da cokali har idonsa ya washe. Wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ba raina itatuwa nake ba, aikinsu ne ma ya kai mu ga wannan. Metformin ɗin da ka ce an rubuta wa Hajiya, silarsa wani tsiro ne na Turai mai suna galega, kuma wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya fito da amfaninsa ga masu suga a 1957. Sai dai ita ƙwaya an san nauyinta, miligiram 500 ne ko 850, jarka kuwa wa ya auna ta? Hulba in ta jiƙu tana yauƙi, yauƙin nan ne ke rage saurin shigar sukari cikin jini bayan an ci abinci. Zoɓo ma yana sassauta hawan jini, in dai ba a cika shi da sukari ba.

Don Allah ka saya mata na'urar awo da ɗan littafi, a riƙa rubuta awon kowace safiya kafin karin kumallo. Duk abin da za ta sha, a kai wa likita ya gani tukuna, a kuma duba mata ƙoda. Na kwalba in babu lambar NAFDAC kada ya shiga gidan. Malmalar tuwo a rage, a yawaita kwaɗon zogale.

Ranar Asabar zan ba direba ƙunshin, zan kira ka da lambarsa. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce ɗanta na Kaduna na yi mata sannu.

Naka har kullum,
Amininka