Aikin sulhu na waƙa a wajen atisaye yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a duk inda aka yi rikici. Da ƙura ta lafa sai a haɗa gagarumin bikin waƙar zaman lafiya, a kawo mawaƙa daga ɓangarorin biyu, a sha tafi, a ɗauki hoto, gari na wayewa kowa ya kama gabansa. A ganina, da kuɗin wannan dare ɗaya aka ba wa ƙungiyar mawaƙa mai haɗuwa duk mako, da kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

A irin wannan ƙungiya, murya ce ke ba mutum wurin tsayawa. Shugaban mawaƙa ba ya tambayar addininka ko ƙabilarka. Masu siririyar murya nan, masu kakkaura can. Sai ka tsinci kanka kafaɗa da kafaɗa da wanda aka ce maka maƙiyinka ne, takarda ɗaya a hannunku, kuna jan numfashi lokaci guda. In ka ɗaga murya ka danne shi, waƙar ta ɓaci, kuma kowa zai ji daga inda ɓarnar ta fito. Dole ka kasa kunne gare shi, ko kana so ko ba ka so. A 2013 ma masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa bugun zuciyar masu rera waƙa tare yakan tashi ya sauka a tare, saboda numfashinsu ya daidaita.

Dubi Bosniya. Yaƙin 1992 zuwa 1995 ya ci rayuka kusan 100,000. A 1996 wani limamin Katolika, Ivo Marković, ya kafa ƙungiyar Pontanima a Sarayebo, inda 'yan Katolika da 'yan Otodoks (wani reshe na Kiristanci) da Musulmi da Yahudawa ke rera waƙoƙin addinin juna. Abin ba wasa ba ne. Kafin mutum ya rera waƙar wani, sai ya zauna mai ita ya gyara masa lafazi, ya ce "ba haka ba, sake," har ya iya. Wanda ya yarda maƙwabcinsa ya koya masa abu, ya fara sauke girman kai.

A birnin Ƙudus kuma, Micah Hendler ya kafa ƙungiyar matasa mawaƙa a 2012, Falasɗinawa da Isra'ilawa daga gabashi da yammacin birnin. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya ga waƙa kaɗai ba, suna ware lokacin tattaunawa kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ba su kawo ƙarshen mamaya ko zubar da jini ba, kuma duk mai cewa waƙa za ta yi hakan yaudarar kansa yake yi. Batun ƙasa da na haƙƙi sai an zauna an yi adalci a kansu.

Kada kuma a manta waƙa tana iya hura wuta. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta sa waƙoƙin Simon Bikindi lokacin kisan ƙare dangi na 1994, kuma a 2008 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaure shi shekara 15 bisa tunzura jama'a. Don haka wanda ke zaɓen waƙa, da harshen da ake rera ta, abin lura ne. In kullum waƙar ɓangare ɗaya ake yi, ɗayan ya zama ɗan amshi, ba da jimawa ba zai daina zuwa.

Roƙona gare ka, in za ka tura wakili kan irin wannan labari, ya je ranar atisaye, ya ga wa ke zama kusa da wa lokacin hutu, ya kuma tambayi su nawa ne suka ci gaba da zuwa a makon da rikici ya sake ɓarkewa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku