Godiya ga Masu Taswirar Korona na Jami'ar Johns Hopkins

Zuwa ga Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong da duk abokan aikinsu a Baltimore, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, kuma na daɗe da wannan godiya a raina.

Ranar 22 ga Janairun 2020 kuka buɗe taswirarku a intanet, lokacin yawancinmu sunan Wuhan, birnin China da cutar ta fara ɓulla, kawai muke ji a rediyo. Sai ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko da ya kamu a Najeriya, a Legas. Da aka rufe makarantu, kusan kullum bayan sallar isha nakan buɗe ta a waya: baƙin allo, jajayen ɗigo warwatse a kan ƙasashe. Ka taɓa ɗigo, ya nuna maka yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu.

A lokacin jita-jita ta cika gari. Wani dattijo maƙwabcina ya kafe cewa zafin ranarmu zai ƙone cutar, ba ruwanmu da ita. Ban yi masa gardama ba, wayar na miƙa masa, na nuna masa Indiya da Brazil, ƙasashen da rana ba ta yi musu rowa ba. Ya ɗauko tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, duk waɗannan mutane ne?" Ranar Juma'ar da ta biyo baya da takunkumi na gan shi.

Abin da ya fi shiga raina shi ne kun bar alƙaluman kyauta a GitHub, wani shafin intanet na ajiye bayanai, tare da bayanin inda kuka samo su. Na sauke na Najeriya a kwamfutata, da aka koma aji kuma da su na koya wa yara zana jadawali da yadda lamba ke ninka kanta. Ban taɓa ganin sun yi shiru a darasi irin wannan ba.

Na sani taswira ba ta nuna wanda ba a gwada ba. Mutanen Kano ba su manta da yawan jana'izar Afrilun 2020 ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta jawo mutuwar mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, nesa da abin da gwamnatoci suka sanar. Wannan giɓi ba laifinku ba ne.

Da kuka daina tattara bayanai ranar 10 ga Maris 2023, adadin mamatan da ke allonku ya haura miliyan 6.8. Lambar yabo ta Lasker, ta fannin lafiya, da aka ba Farfesa Gardner a 2022 ta faɗa hannun da ya dace.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Naku,
Wani malami daga Zariya