Takardar Koke Kan Cutar Gumboro da Ke Cinye Mana 'Yan Tsaki

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun dagatai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa ta ban girma, mu masu kiwon kaji na wannan gunduma, manyanmu da ƙananmu, tare da malaman dabbobi da ke duba mana kaji, mun kawo kukanmu a kan cutar Gumboro. Da a ce iyakarta ɗakin mai kajin da ta kama, da ba mu dame ka ba. Amma cuta ce da ake ɗauka a takalmi, a buhun abinci, a amalanken taki, daga gida zuwa gida. Mutum ɗaya ba zai iya tare ta ba, sai unguwa ta haɗa kai, kuma unguwa maganar sarauta take ji.

Ranka ya daɗe, bairos ne ke kawo ta. Sunan ya samo asali daga garin Gumboro na jihar Delaware a Amurka, inda aka fara ganinta. Abin da take hari wata 'yar jaka ce a saman duburar ɗan tsako, inda jikinsa ke haɗa garkuwa. Ta fi tsanani tsakanin mako 3 zuwa 6. Kwana 2 ko 3 da shigarta sai a ga 'yan tsaki sun takure wuri guda, gashi a tashe, ido a lumshe, suna rawar jiki, suna zawo fari mai ruwa da ke manne musu a gindi, wasu har suna saran duburarsu. Mutuwa kan yi yawa a kwana na 3 da na 4, ta lafa cikin mako guda. Idan likita ya feɗe wanda ya mutu, zai tarar jakar ta kumbura, wani lokaci jajur da jini, ga ɗigo-ɗigon jini a naman cinya da ƙirji, ƙoda kuma a kumbure. Ta fi yi wa 'yan tsakin ƙwai da zakaru ɓarna fiye da na nama.

Waɗanda suka tsira ma da sauran rina a kaba. Jakar ta riga ta lalace, don haka rigakafin Lasota, wanda ake ba kaji don cutar Newcastle, ba ya kama jikinsu yadda ya kamata, kowace cuta ta zo sai ta kwantar da su, su ci abinci ba girma. Magani kuma babu. Kuɗin da ake zubawa a kan magungunan kashe bakteriya ba ya taɓa bairos ɗin. Abin da ke rage asara shi ne ɗumi, ruwa mai tsabta da sinadaran bitamin.

Rigakafi akwai shi, har Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa. To me ya sa ake ba da shi kaji su mutu? Nan ne zuciyar kokenmu. Rigakafin nan abu ne mai rai, dole ya zauna a sanyi na digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har bakin ɗan tsako. A wasu shaguna firji kan kwana ya wuni babu wuta, kwalbar ta yi ɗumi, a sake sanyaya ta a sayar. Ido ba ya bambanta mai rai da matacce. Wani kuma yakan jiƙa kwalba mai ɗaukar kaji 1,000 ya riƙa ƙulla wa masu kaji 50 ko 100 a leda har yamma, alhali da zarar an jiƙa shi awa 2 kawai yake da ita. Mai kaji ya biya kuɗi, ya koma gida hankali kwance, ashe ruwa ya saya.

Akwai kuma namu kuskuren, ba za mu ɓoye ba. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe rigakafin, haka mazubin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ɗauraye ba. Ƙa'ida ita ce a janye ruwa awa 1 zuwa 2 da sassafe don su ji ƙishirwa, a zuba madarar gari marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a buɗe kwalbar a cikin ruwan, a baza mazubai isassu a inuwa don kowane ɗan tsako ya samu. Lokaci ma da muhimmanci: garkuwar da ɗan tsako ya gada daga uwa ta cikin ƙwai tana kashe rigakafin idan an yi gaggawa, idan an makara kuma cutar ta riga shi. An saba ba da na farko tsakanin kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan mako guda zuwa kwana 10, amma likita ne zai tsayar da ranar gwargwadon irin rigakafin da inda 'yan tsakin suka fito.

Saboda haka babban roƙonmu, ranka ya daɗe, ka sa baki wurin ƙaramar hukuma a samar da firji mai aiki da hasken rana a ofishin malaman dabbobi, da ma'aunin sanyi a cikinsa da littafin da za a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. A ware ranakun rigakafi biyu a mako, masu kaji kaɗan su haɗu a jiƙa kwalba ɗaya a gabansu, kowa ya tafi da nasa cikin ƙanƙara ya bayar nan take. A hana sayar da jiƙaƙƙen rigakafi a leda.

Muna kuma roƙon a yi shela a masallatai da kasuwa cewa an hana jefa mushen kaji a bola, kwata ko kango, inda karnuka da ɓeraye ke jan su. A ƙone su, ko a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Wannan bairos yana da taurin rai, yakan yi kusan wata 4 a ɗakin da aka kwashe kaji. Don haka takin ɗakin da cutar ta shiga kada a loda shi a buɗe a ratsa unguwa da shi, a tara shi a lulluɓe da leda ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai gona. Dillalan kaji da masu sayen taki su tsaya a ƙofa, kada su shiga ɗakin 'yan tsaki. Wanda cutar ta shiga wa kuma ya sanar da mai unguwa a ranar, ba don a tozarta shi ba, don maƙwabta su rufe ƙofarsu.

Muna neman a sa mana rana kafin zuwan 'yan tsakin da ake reno domin Sallah, mu zo fada da likitan dabbobi mu yi bayani gaban dagatai.

Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne naka masu biyayya,
Masu kiwon kaji da malaman dabbobi na gunduma.