Zancen yis da sokawen gidan Inna

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin can ya sassauta muku. Mu nan muna tsakiyar bazara, zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, amma Inna tana nan lafiya, ta ce in gaishe ka, in kuma shaida maka cewa ƙafar ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka a tsanake maimakon mu yi ta waya, domin maganar tana da tsawo, kuma na san halinka, da na fara bayani za ka katse ni ka ce ai ka riga ka karanta a intanet.

Ka ji cewa sokawen gidan Inna ya cika, ruwa ya dawo ta ban-ɗakin tsakar gida, na kicin kuma ya ƙi wucewa gaba ɗaya. Abin da ba ka ji ba shi ne Auta ta kira ni tana kuka saboda saƙon da ka aiko mata, inda ka ce tsamin ƙullun masarta ne ya kashe ƙwayoyin da ke aiki a cikin tankin. Kai ne kuma tun bara ka umarce su da su riƙa zuba ƙullin yis ɗaya a masai duk wata, wai haka maƙwabtanka na Amurka suke yi, kuma da shi ba sai an kira motar yashewa ba. Ka dubi maganganun nan biyu da kyau, aminina. Yis ɗin da ka ce magani ne, shi ne dai a cikin ƙullun da ka ce guba ne. Gaskiyar magana, bai taimaki tankin ba kuma bai kashe shi ba, abin da ya jawo ɓarnar daban ne, kuma na gan shi da idona.

Ina tsaye mai gyaran famfo ya yanke bututun kicin daidai gwiwarsa, wurin da ya karya ya nufi tanki. Busasshen ƙullu ne ya cika shi, fari mai ruwan toka, hawa-hawa, kowane hawa da zanen maiƙo ja a jikinsa, har hanyar da ta rage wa ruwa ba ta fi a zura ɗan yatsa ba. Sai da ya sa guduma da doguwar ƙusa kafin ya ɓamɓare shi, yana faɗowa gutsure-gutsure. Daga nan muka ɗaga murfin tankin, muka ja da baya har warin ya ragu. Ɓawon maiƙon da ke sama ya yi kaurin da sandar da ya soka ta tsaya da kanta, da ya zaro ta kuma, baƙar laka ta nuna ta wuce rabin zurfin ruwan. Na tambayi Inna yaushe rabon da a yashe shi, ta ce tun da aka gina shi, shekarar da ka tafi, mota ba ta taɓa zuwa ba.

Ka tuna yadda aka gina shi: tanki mai ɗaki biyu, sai ramin da ƙasa ke tsotse ruwa. Abin da ya shigo yana zama a tankin kwana ɗaya ko biyu, mai nauyi ya nutse ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya kaɗai ke wucewa ɗaki na biyu, daga can ya gangara rami. Masu narkar da ƙazantar ƙwayoyin bakteriya ne irin waɗanda ke rayuwa inda babu iska, kuma ba a sayo su a kanti, daga cikin ɗan Adam suke fitowa. Tsakanin rubu'i da rabin nauyin busasshen bahaya ƙwayoyin bakteriya ne, saboda haka duk wanda ya shiga ban-ɗaki a gidan nan ya zuba wa tankin irin da ya dace da shi, fiye da abin da kowane ƙullin yis zai kawo. Ƙwayoyin nan sun fi ƙarfin aiki idan ɗumi ya kusa digiri 35, Sakkwato kuwa Allah ya hore mata wannan kyauta. Ku ne a can suke yin sanyin jiki idan hunturu ya shigo.

Shi yis halitta ce mai rai daga dangin fumfuna, abincinsa sukari. Idan ya ci, sai ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, da ɗan sinadarin barasa wanda ke bin iska idan an gasa. Iyakar sana'arsa ke nan. Ba ya cin maiƙo, ba ya cin takarda, balle gashi ko yashi ko leda, waɗannan kuwa su ne ke taruwa su cika tanki. Ƙulli ɗaya a wata yana shiga ya ɗan ci abin da ya samu, ya mutu, ya zama ƙarin laka. Idan kuma mutum ya zage ya zuba da yawa, iskar da zai tayar tana iya motsa lakar da ta kwanta, ta tura ta ɗaki na biyu har cikin rami, ta liƙe ƙofofin ƙasar da ke shan ruwa. Yashe tanki aikin yini ɗaya ne, amma ramin da ya liƙe sau da yawa sai an haƙa sabo.

Game da tsami, ban ce zarginka ba shi da tushe ba. Ƙullun da ya kwana yana yin tsami ne saboda wasu bakteriya, irin waɗanda ke tsamar da nono, kuma a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana sauka wajen 4, alhali tanki mai lafiya yana zama kusa da 7. Ƙwayoyin da ke ƙarasa narkar da laka ba sa jure tsami, wannan haka yake. Sai dai ka auna yawan: tankin yana ɗauke da dubban litoci na ruwa, kuma fitsari da bahaya suna sakin sinadaran da ke kashe kaifin tsami da kansu. Ɗaurayar roba ɗaya ko biyu a yini ba ta isa ta juya wannan ba, ga shi Auta tana zuba ruwan kanwa a ƙullunta kafin ta ɗora tanda, kamar yadda Inna ta koya mata. Da gidan burodi ne mai zubar da bokiti-bokiti kullum, da na yarda da kai.

Inda ƙullun ya yi laifi shi ne a bututu. Tun da Auta ta ƙara fanke da funkaso a kan masa, fulawa ta shigo kicin ɗin da yawa, ita kuwa fulawar alkama danƙo gare ta, tana kama jikin bututu ta bushe ta taurare. Ƙullun shinkafa kuma nauyi gare shi, yana kwantawa duk inda ruwa ya rage gudu. Da ta ga ruwa ya fara jinkiri, sai ta riƙa bin sa da tafasasshen ruwa don ya buɗe, da kyakkyawar niyya, alhali gari yana fara dahuwa tun daga wajen digiri 60, ya kama jikinsa yadda koko ke yi idan an kwara wa kamu ruwan zafi. A kan wannan sai ragowar man suya ya biyo baya ya daskare. Hawa-hawan da na gani ke nan, kowace safiya da nata.

Kuma kada ka ɗauka sana'ar wasa ce. Tun kafin a sallame sallar asuba yara ke layi da kwanoninsu a ƙofar gida, masu shayin bakin titi ma a wurinta suke sarin fanke, kuma da kuɗin nan take sayen maganin Inna idan naka ya yi jinkiri. Hana ta ƙullu ba ya cikin abin da za a tattauna. Kai ma, uwargida ta nuna wa maman yara hoton kwalbar ƙullun tsamin da kake ajiyewa a firji, kana ƙara masa gari da ruwa, tun zaman kullen korona na 2020 da kowa a can ya koma mai gasa burodi. Kai da ruwan shayi ma sai an dafa maka a makaranta!  Ina tambayarka da gaske, rabin da kake ragewa kafin ka ƙara sabon gari, ina kake zuba shi? Idan wurin wanke-wanke ne, to abin da ya sami bututun Inna yana kan hanyarsa zuwa naka, ko da gidanka a haɗe yake da magudanar birni.

Masu kashe ƙwayoyin tanki na gaske suna nan jere a bayan ƙofar ban-ɗakin Inna. Yarinyar da ke taya ta aiki tana juye Hypo da Izal ba awo, wani maƙwabci kuma ya ba su shawarar kananzir da baƙin mai don kashe wari da kyankyasai. Ɗan abin da ake wanke masai da shi ba ya komai, ruwan tankin yana shanye shi, amma kwalba guda a lokaci ɗaya tana yi wa ƙwayoyin illa, baƙin mai kuwa ba ya narkewa, yana bin ruwa ya shiga ƙasa. Na yi musu magana a kan wannan, Inna ta karɓa.

Burin a sami tankin da ba a yashewa tsoho ne. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya fara gina irinsa wajen 1860, ya yi masa rajista a 1881, kuma an tallata shi a matsayin mai yashe kansa da kansa. Shekaru sun nuna cewa ƙwayoyin suna rage laka ne kawai, ba sa ƙarar da ita. A Amurkar da kake, inda fiye da gida ɗaya cikin biyar ke amfani da irin wannan tanki, hukumar kare muhalli ta ƙasar tana cewa a duba shi aƙalla duk shekara 3, a yashe shi duk shekara 3 zuwa 5, kuma ba ta ganin akwai buƙatar zuba masa wani abu don ya yi aiki. Maƙwabtanka masu zuba yis, ka bincika, za ka tarar ko dai suna kiran mota a kan lokaci, ko kuma ranar tasu ce ba ta zo ba. A ganina babbar illar yis ɗin nan ita ce kwanciyar hankalin da ya ba ku, har kowa ya daina tunanin murfin nan.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne rijiya. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, ta gidan Inna kuwa ba ta kai haka ba, ka san filin. Ƙasarmu yashi ce, ruwa yana ratsa ta da sauri, kuma damina tana kankama daga watan Yuni, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa. Muddin tankin a cike yake, ƙazanta tana wucewa rami ba tare da ta kwanta ba. Ba ka nan a 2021 da amai da gudawa ya ratsa jihohin nan, Sakkwato na ciki, amma ni na je ta'aziyya gidajen da na sani. Gidan da ake sayar wa jama'a abinci kullum bai kamata a yi sake da ruwansa ba. Na ce su daina sha da jiƙa shinkafa da ruwan rijiyar, su bar shi ga wanki da shara.

Ga abin da nake neman amincewarka a kai. A kira mota ta yashe ɗakunan biyu kafin ruwan farko, ta kwashe ɓawon sama da lakar ƙasa duka, domin wasu direbobin ruwan tsakiya kawai suke zuƙewa su karɓi kuɗi su tafi, saboda haka zan tsaya a kansu da kaina. Ba zan bari kowa ya shiga ciki ba, ko da an ce an saba, domin iskar da ke ciki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana sumar da mutum nan take, akwai kuma wata mai kama wuta, don haka babu ashana babu sigari a kusa. Bayan an yashe ba sai an wanke shi da magani ba, ba sai an zuba masa komai ba, zai farfaɗo da kansa. Daga nan a riƙa soka sanda duk shekara, idan laka ta kai sulusin zurfin ruwa a sake kiran mota. Mai gyaran famfon zai sauya bututun kicin, ya kuma gina ɗan akwatin siminti mai murfi a bayan kicin wanda zai tare maiƙo da gari, a riƙa kwashewa duk mako.

Ita kuma Auta mun yi magana, ta fahimta tun kafin in gama. Za ta riƙa kankare roba da ludayi tas kafin ruwa ya taɓa su, ta ɗauraye da ruwan sanyi a waje, ta zuba a gindin darbejiya. Ragowar ƙullun za ta shanya shi a rana, wadda ba mu rasa ba, idan ya bushe ta haɗa wa kaji a dusa. Na gargaɗe ta kada ta ba awakin Inna ɗanyen ƙullu mai yawa, yana kumbura musu ciki. Man suya kuma a galan zai riƙa taruwa.

Zan aiko maka da lissafin mota da na siminti da zarar na karɓa, ka duba ka turo kafin Juma'a idan da hali, domin masu motar suna yin wuyar samu da an fara ganin hadari. Sannan ina roƙonka, don zumuncin da ke tsakaninmu, ka kira Auta da kanka ka sanyaya mata rai. Tana ganin girmanka ƙwarai, shi ya sa maganar ta yi mata ciwo, kuma ita ce ke kwana da Inna tana tashi da ita.

Maman yara tana gaida uwargida, ta ce har yanzu tana jiran amsar saƙonta. Ka sanar da ni ko za ku zo Babbar Sallah, domin in sa a gyara ɗakin waje tun da ma'aikata suna gidan. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Amininka