Zuwa Ga Auta, Kan Tambayarki Game Da Kirsimeti

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai hunturun bana da ya zo da ƙarfinsa. Hazo ya rufe gari, da safe ko Dala ba a hangowa, ƙafafuna kuwa duk sun yi faso. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko yaji da man kaɗanyar da ta ba direba sun iso hannunki.

Saƙonki na murya ya shigo daren Laraba, na saurare shi sau biyu. Na ji ba za ki samu zuwa gida ba bana saboda kuɗin mota, wannan ba komai, bautar ƙasa shekara ɗaya ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗayar maganar: malamar da kuke koyarwa tare ta ce miki Kirsimeti bikin arnan Roma ne masu bautar rana, cocinsu ba sa yi, ke kuma kika rasa ta cewa har kika kwana da abin. Maganar ta fi ƙarfin kati, shi ya sa na zauna na rubuta, yayanki zai buga miki a waya.

Da fari dai, kada ki ƙaryata ta inda take da gaskiya. Ki buɗe Littafi Mai Tsarki daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, ba inda aka ce an haifi Yesu ran 25 ga Disamba. Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar, kuma ba wanda ya faɗi rana ko wata. Markus bai taɓo ta ba sam. Masu bi na farko bikin tashinsa daga matattu suka riƙe, wato Ista. Akwai ma wani babban malamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar, Orijen, wanda ya lura cewa a cikin Littafi Fir'auna da Hirudus ne suka yi bikin ranar haihuwarsu, don haka bai ga abin sha'awa a ciki ba. Wanda ya gabace shi a garin, Kilement, wajen shekara ta 200, ya rubuta cewa waɗansu suna lissafa haihuwar a watan Mayu, waɗansu a Afrilu. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna Kiristoci suna kiyaye 25 ga Disamba wani kundin ranaku ne na birnin Roma da aka haɗa a 354, wanda ya nuna ana yi tun 336. Kin ga an yi shekara wajen ɗari uku ana bin Almasihu ba a san Kirsimeti ba. Ko shekarar ma an yi tuntuɓe a lissafinta. Wani mai zaman zuhudu, Diyonisiyus, shi ya tsara ƙirgen shekarun da muke amfani da shi, a 525, amma masana tarihi sun gano Hirudus ya mutu shekara huɗu kafin inda ƙirgen ya soma, alhali yana raye aka haifi Yesu.

To me ya sa Disamba? Bayani biyu ne masana suke ja a kai har yau. Na farko shi ne wanda abokiyar aikinki ta ji. A Turai ƙarshen Disamba ne dare ya fi tsawo, daga nan rana take soma ƙwace lokacinta kaɗan-kaɗan. Romawa suna da shagalin Satunaliya daga 17 ga watan, a ci a sha a yi kyauta, kuma sarkinsu Aureliyan ya gina wa gunkin rana haikali a 274. Wannan kundin na 354 ya nuna akwai bikin rana a 25 ga Disamba. Sai aka ce ikilisiya ta ɗora nata bikin a kai don ta janye mutane. Bayani na biyu kuwa lissafi ne irin na malaman da. Sun ɗauka an gicciye Yesu ran 25 ga Maris, sun kuma gaskata ranar da aka ɗauki cikinsa da ranar mutuwarsa ɗaya ce. Ki ƙirga wata tara daga 25 ga Maris da yatsunki. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya rubuta wannan lissafin ƙarara. Shi ne kuma ya yi wa jama'arsa wa'azi cewa su kiyaye ranar ba don rana ta sama ba, sai don wanda ya halicci ranar.

Ni dai ko wanne ne gaskiya bai hana ni barci ba, kuma zan gaya miki dalili. Mu ba a littafi muka karanta arnanci ba. Kakanki, can ƙauyenmu a ƙasar Sumaila, Bamaguje ne na sosai. Na tashi na ga inda ake yanka wa iskoki baƙin bunsuru a gindin tsamiya, na ga tulunan giya ranar biki. Da ya karɓi bishara ya koyi karatu da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, ya fasa kayan tsafinsa da hannunsa. Amma da kaka ta yi, bai daina tara mutane ba. Lokacin bai canza ba, dawar ma ita ce, sai dai damin farko da a da ake kai wa gindin tsamiya yanzu majami'a ake kai shi a yi godiya. Wa zai kalli tsohon nan ya ce tsafi yake yi? Ki duba ma kalmar Ubangiji. Uban giji ce, wato uban gida, tsohuwar Hausa ce da kakanninmu suke furtawa tun ba su san Littafi ba. Yau da ita liman yake addu'a, da ita fasto yake addu'a, ba wanda ya ce a jefar da ita don bakin arna ya taɓa ta. Duk ranakun shekara na Allah ne, Auta. Gunki bai taɓa halittar ko ɗaya ba balle ya ce tasa ce.

Kuma ba kowa ne yake yi ran 25 ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da na Rasha sai 7 ga Janairu, domin kalandarsu ta coci ba ta bi gyaran da Fafaroma Giregori ya yi a 1582 ba, ta koma baya da kwana 13. Armeniyawa kuwa 6 ga Janairu suke yi. Masu ƙin bikin ma ba yau suka fara ba: majalisar Ingila ta taɓa haramta shi a 1647, a Masacusets ta Amurka kuma daga 1659 zuwa 1681 duk wanda aka kama yana Kirsimeti an riƙa cinsa tarar sule biyar. Saboda haka kada ki yi gaba da malamar nan. Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa sura 14: wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa saboda Ubangiji yake yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ina so daren 24 ki zauna ki karanta Luka sura 2 a Hausa, ba da Turanci ba, a hankali kamar ba ki taɓa ji ba. Mun maimaita labarin nan a wasan kwaikwayon yara har ya yi santsi, ba ma jin nauyinsa. Kaisar Augustas yana zaune a Roma ya ba da umarni a yi ƙidaya. Talaka ba ya musu da doka. Yusufu kafinta ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta kusa Kano zuwa Zariya, ba mota. Ki tambayi mamanki abin da wata tara yake nufi. Suka isa, gari ya cika, babu wuri a masauki. Haihuwar fari ce, wadda a wurinmu yarinya gidan iyayenta take komawa, a yi mata wankan jego da kunun kanwa, uwa tana kanta. Maryamu ba ta sami ko ɗaya ba. Ita ta naɗe ɗanta da zanen goyo, ta kwantar da shi a komin dabbobi, inda ake zuba wa jaki dusa.

Su wa aka fara yi wa albishir? Ba fada aka aika ba, ba gidan babban firist ba. Makiyaya ne masu kwana a daji da garke, irin waɗanda in sun shigo banki a garin nan mai gadi zai tare su a ƙofa. Sannan akwai aya ta 24 da mutane suke tsallakewa. Da aka kai jariri Yesu Haikali, kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu suka miƙa. Ki duba Littafin Firistoci sura 12, za ki ga ɗan rago ne ka'ida, tsuntsaye biyu sassauci ne ga macen da ba ta da halin rago. Wato gidan da Allah ya zaɓa ya sauka, gida ne da ba su iya sayen ragon suna ba. Wannan shi ne abin da Yahaya ya taƙaita da cewa Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, shi ne ma'anar Immanuwel, Allah tare da mu. Sauran duk ado ne. Masanan taurarin nan ma da muke sa wa yara rawani muna cewa sarakuna uku, Matiyu bai ce sarakuna ba ne, bai ce uku ba ne. Kyautar ce iri uku, zinariya da lubban da mur, kuma a cikin gida suka same shi. Daga nan sai gudun hijira zuwa Masar da dare, don Hirudus yana yanka 'ya'yan mutane.

Na faɗi wannan ne don na ji kina cewa 'yan ɗakinku sun fitar da anko, ke kuma alawus bai shigo ba. Kada ki ci bashi. Ni na taɓa yi, shekarar da aka haifi yayarki. Na ɗauko turmin atamfa uku a Kwari da buhun shinkafa da bunsuru, duk a kan albashin da bai zo ba, don kada a ce gidan malam ba su yi ba. Ran 27 kayan sun koma akwati, naman ya ƙare, ni kuwa har aka yi Ista ina canza hanya don kada in bi ta gaban shagon mutumin. Mamanki ba ta taɓa yi mini gori ba, amma duk Disamba sai ta tambaye ni ko bana ma za a kawo bunsuru. Ki wanke wadda kike da ita ki goge. Bishiya mai fitilu al'adar Jamusawa ce, ba ta cikin Littafi. Fada Kirsimetin da ake kai yara gani kuwa asalinsa Nikolas ne, wani bishop na garin Mira a Turkiyya ta yau, wanda ake ba da labarin ya jefa wa wani talaka zinariya ta taga da dare don ya samu aurar da 'ya'yansa mata uku. A namu yaren, ya yi musu kayan ɗaki ne a ɓoye. Ki ga yadda 'yan kasuwa suka juya shi.

Kin kuma ce mutanen can suna mamaki wai ga Bahaushiya da Littafi Mai Tsarki, wasu har suna tambaya ko tuba kika yi a ɓoye. Ki yi dariya ki ba su labarin kakanki. In kuma suka soma zagin Musulmin Kano a gabanki, kada ki yi shiru don neman shiga. Kina goye a rikicin 2004, ba za ki tuna ba. Alhajin gidan da ke kallon namu ne ya buɗe mana ƙofar baya, muka kwana uku a ɗakin uwargidansa, shi yana zaune a zaure da carbi yana cewa duk mai tambaya ba kowa a ciki sai iyalinsa. Tun daga shekarar ban sake karanta “babu wuri a masauki” ban tuna zauren nan ba. Su ma suna girmama Annabi Isa, sun yarda budurwa ce ta haife shi, sura ta 19 a Alƙur'ani sunan Maryam take ɗauke da shi, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta a ciki. Mun rabu da su a kan ko shi wane ne da kuma gicciye, rabuwa ce babba, ba na ɓoye ta, shi ma Alhaji ba ya ɓoyewa. Amma shekara nawa ke nan naman layyarsu yana shigowa gidanmu, shinkafarmu ta Kirsimeti tana shiga nasu. Shi ya sa har gobe mahauci Musulmi nake kira ya yanka mana kaji.

Nan gari ya soma ɗaukar haramar biki. Manyan motoci suna ta lodi a New Road, rabin Sabon Gari ya kama hanyar gida, tumatir a 'Yankaba ya yi sauƙi amma kaza sai a hankali. Zumuntar Mata suna ta koyon waƙa kowace yamma, mamanki ta dawo da murya a dishe. Bana ita za ta ja baiti, ga shi ba kya nan balle ki yi mata dariya.

Na sa yayanki ya turo miki ɗan abin da ya samu. Ki sayi shinkafa mudu ɗaya da kaza ko rabi ce. In kin dafa, ki zuba a kula ki kai wa malamar nan. Ba sai kin ce na Kirsimeti ba ne, ki ce daga Kano ne, ki barbaɗa mata yajin mamanki. Akwai kuma yaron nan ɗan Gwarzo da kika ce an turo ku tare, shi ma ba zai je gida ba, ki tabbata kazar yankan Musulmi ce don ya samu ci. Muna fitowa sujada wajen sha biyu, ki kira bayan nan, kafin yara su cika gidan da yawon barka da Kirsimeti a rasa mai jin wani.

Ubangiji ya tsare ki.

Ni ne,
Babanki