Abin da Hannun Alƙali ke Nema a Jikin Karen Gasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan rahoton da kuka buga a shafin labaran duniya, inda kuka waiwayi tarihin King, karen nan ɗan jinsin teriya da ya zama zakaran gasar Westminster ta birnin New York a 2019. Ni likitan dabbobi ne, shekara goma sha shida ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibiti a tsakiyar Ingila, kuma fiye da rabin waɗanda ake ɗora mini a kan tebur karnuka ne. Abu biyu marubucinku ya faɗa da suka hana ni yin shiru. Ya kwatanta gasar da ta sarauniyar kyau, sannan ya ce tunda kakannin King zakaru ne a rubuce, duk wanda ya samu ɗansa ya samu kare marar aibi. Maganar farko ta rage wa alƙalan daraja. Ta biyun ce ta fi damuna, domin na ga abin da take jawowa.

Bari in fara da alƙalin. Wanda ya zaɓi King a daren nan shi ne Peter Green, mutumin Wales, wanda tun kafin ya zama alƙali ya riƙe igiyar kare ya ci wannan gasa har sau huɗu. Na farko a 1968 ne, da wani teriya mai suna Stingray, wanda shekara guda kafin nan ya lashe gasar Crufts ta Ingila. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana shafa jikin irin waɗannan karnuka ba ƙyalƙyalin gashi zai ruɗe shi ba. Da yawa cikin 'yan kallo wani kare dabam suka so, kuma ban ga laifinsu ba, jinsin King, wato Wire Fox Terrier, wannan ne karo na 15 da ya ɗauki kofin, mutane sun gaji da ganinsa. Amma alƙali ba ya tambayar wane ne ya fi kyau. Kowane jinsi yana da rubutaccen ma'auninsa, daga kai har wutsiya, kuma tambayar ita ce: a cikin karnukan da suka rage, wane ne ya fi kusa da ma'aunin jinsinsa?

Gani ya kori ji. Kusan kowane watan Maris nakan je Crufts a babban zauren baje koli na NEC da ke Birmingham, inda ake yin ta tun 1991, kuma ranar teriya nake zaɓa. Wurin tsayuwata bakin filin jinsin Parson Russell ne. Akan ɗora kare a kan tebur, alƙali ya fara barin shi ya sansana bayan hannunsa. Sai ya ɗaga leɓɓansa ya ga ko haƙoran sama sun hau kan na ƙasa daidai, kamar bakin almakashi. Ya bi wuya zuwa kafaɗa da tafin hannu. Ya cusa yatsu cikin gashi don ya ji kaushinsa, ya ga ko akwai lallausan gashi a ƙarƙashi, ya damƙi fatar baya ya ɗaga ta ya ji kaurinta. In namiji ne ya tabbatar 'ya'yan marainansa biyu sun sauko. Daga nan sai abin da na fi son gani: ya tsaya a bayan karen, ya zagaye ƙirjinsa da hannu biyu daga bayan kafaɗu, manyan yatsunsa a kan gadon baya, sauran yatsun a ƙasa, ya ɗan ɗaga gabansa ƙafafun baya na kan tebur. Idan yatsun sun haɗu, madalla. Na taɓa ganin wata tsohuwar alƙaliya ta yi wa wani farin kare haka, kare mai kyan gaske wanda duk mun zuba wa ido, yatsunta suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, ta sauke shi a hankali, ta shafa kansa. Ko na huɗu bai zo ba.

Dalili shi ne aikin da aka yi jinsin dominsa. Sunan teriya daga kalmar Latin ta ƙasa ya samo asali, domin kare ne da ke bin yanyawa cikin raminta ya koro ta waje. Ƙirjin da hannu biyu ba za su zagaye ba zai maƙale a rami. Fata mai kauri da gashi mai kaushi su ne rigarsa daga ƙaya da cizo da ruwan sanyi. Farin launi kuwa don kada mafarauci ya ɗauke shi yanyawa idan ya fito da gudu. Tsayin da ma'auni ke so santimita 36 ne ga namiji, 33 ga mace, don ƙafarsa ta iya bin dawakai. Limamin cocin da jinsin ke ɗauke da sunansa, John Russell, ya sayi karyarsa ta farko, Trump, a 1819 a hannun wani mai tallan madara lokacin yana ɗalibi a Oxford. Yana cikin mutanen farko na Kennel Club, ƙungiyar da ke rajistar karnuka a Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, ya yi alƙalancin gasa, amma nasa karnukan na farauta bai riƙa kai su ba. Bayan tebur akan sa mai kare ya tafi da shi ya dawo, alƙali na duban yadda ƙafafu ke sauka. Duka abin bai fi minti biyu ko uku ba.

Kuma ba a zama zakara da sa'ar rana ɗaya. A Ingila hanyar da aka saba ita ce kare ya samu takardar nasara ta musamman sau uku daga alƙalai uku dabam-dabam, aƙalla ɗaya bayan ya cika wata goma sha biyu. A Amurka maki 15 ake tarawa, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai biyu. Ina girmama wannan tsari.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Hannun alƙali yana jin ƙashi da tsoka da fata. Ba ya jin abin da ke ɓoye cikin ƙwayoyin gado.

Wata safiyar Litinin wani dattijo, tsohon direban bas, ya shigo mini da karyarsa a naɗe cikin tawul. Parson Russell ce, shekararta huɗu da 'yan watanni. Tun daren Asabar take runtse idon hagu, hawaye na zuba, ta ƙi cin abinci, shi kuma ya ɗauka ƙura ce ta faɗa mata. Da na haska fitila sai na ga idon ya yi shuɗi-shuɗi kamar gilashin da ya yi hazo, madubin cikin ido kuma ya baro mazauninsa ya faɗo gaba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da madubin nan. A wasu jinsunan teriya, zaruruwan sukan tsinke tsakanin shekara uku zuwa takwas, madubin ya toshe hanyar da ruwan ido ke fita, matsi ya hau, zafi ya yi tsanani, gani ya tafi cikin 'yan kwanaki. Mun makara. Dole muka cire idon, na kuma gaya masa gaskiya cewa ɗayan ma yana kan hanya.

Washegari ya dawo da takardar nasabarta cikin wata jakar leda, ya shimfiɗa mini a kan tebur. Zuriya biyar ce, kuma bisa al'adar masu kiwo a nan, sunan duk zakara da jan tawada ake rubuta shi. Takardar ta yi jawur. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Likita, dubi wannan. Ta yaya?" Na bi layin uba, na bi layin uwa, sai ga suna ɗaya a wuri biyu. Uban karyar da uwarta 'yan uba ne, wani shahararren zakara ne ya haife su duka. Wanda ya sayar masa da ita ya nuna masa kofuna da hotuna, bai nuna masa sakamakon gwaji ko ɗaya ba, alhali tun wajajen 2010 akwai gwajin wannan cuta, wanda auduga kawai ake gogawa a cikin kumatu a aika ɗakin bincike. Dattijon nan bai yi wauta ba. Ya yarda ne da abin da marubucinku ya yarda da shi.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya ne, sai dai gado ba ya zaɓe. Karen da ke ɗauke da kwafi ɗaya na gurɓatacciyar ƙwayar yakan rayu lafiya lau, ya ci gasa, ya tsufa da idonsa biyu. Idan aka haɗa shi da karya mai ɗauke da irinta, kowane kwikwiyo yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na gadar kwafi biyu. Nan ne shaharar zakara ke zama matsala. Karya 'yan haihuwa kaɗan take yi a rayuwarta, ƙungiyar Kennel Club ma ba ta rajistar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya. Namiji kuwa ba shi da iyaka. Da zarar ya ɗauki kofi kowa sai ya kai masa karyarsa barbara, ya haifi ɗaruruwa, bayan zuriya biyu ko uku jikokinsa ne ke haɗuwa da juna. Lissafin a bayyane yake: haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwa yana ba da kusancin jini kashi 25 cikin ɗari, 'yan uba kashi 12.5. Kuma littafin rajista a rufe yake, jinin waje ba ya shigowa sai da izini na musamman. Ka tuna akwai jinsuna irin su Sealyham da Skye da Dandie Dinmont da ba a rajistar kwikwiyo 300 nasu a shekara a duk Birtaniya. A irin wannan ƙaramin tafki, zakara ɗaya ya isa ya rina ruwan gaba ɗaya.

Ba na cewa ba a yi komai ba. Bayan wani shirin bincike da BBC ta nuna a 2008, wanda ya kai ta ga daina haska Crufts, Kennel Club ta hana rajistar kwikwiyon da aka samu tsakanin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, daga 2009. A 2012 aka fara sa likita ya duba zakarun wasu jinsuna kafin su wuce zagaye na gaba, shida suka faɗi a shekarar. Yau kowa na iya shiga shafin ƙungiyar a intanet ya rubuta sunan kare ya ga gwaje-gwajen da aka yi masa da kusancin jininsa. Na kuma san masu kiwo na ƙwarai waɗanda ba sa haɗa barbara sai sun gwada duka biyun, kuma ba sa zubar da mai ɗauke da kwafi ɗaya, sukan haɗa shi da wanda ba ya ɗauke da komai, don kada jinsin ya ƙara ƙuntata. Amma haɗa 'yan uba, irin wanda ya haifi karyar dattijon nan, dokar 2009 ba ta taɓa shi ba. A ganina bai kamata a rubuta wa kare muƙamin zakara ba sai an liƙa sakamakon gwajin cututtukan jinsinsa a jikin takardar, a kuma sa wa kowane namiji iyakar yawan barbara kamar yadda aka sa wa mata.

Ban san King da wata cuta ba, kuma ba shi nake zargi ba. Roƙona, Malam Edita, shi ne idan za ku sake kawo labarin irin wannan gasa, ku gaya wa masu karatu cewa kofin shaida ne a kan ƙirar kare da tafiyarsa a ranar, takardar nasaba kuma jerin sunayen iyaye ce. Mai son sayen ɗan zakara ya nemi takarda ta uku, ta ɗakin gwaji, ta uba da ta uwa, ya kuma duba ko suna ɗaya ya maimaitu a ɓangarorin biyu.

Karyar dattijon tana nan da rai. Mun sa ta a kan maganin ɗigawa safe da yamma, wanda ke tsuke ƙwayar ido don madubin ya tsaya a baya, ya riƙe mata idon dama wata goma sha huɗu kafin shi ma ya daina gani. Yanzu da hanci take bin gidan, kuma ya daina matsar da kujeru daga inda ta san su. Duk wata uku yakan kawo ta in duba matsin idon da ya rage.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani likitan dabbobi,
daga Ingila.